Kawar matan Tsokomey: sau biyu na je, sau ɗaya aka sayar mini

Karon farko da na je Tsokomey, wani ƙauyen bakin ruwa a yammacin Akra, sayen kawa hannu rabbana na dawo, kuma da kuɗina a jaka fa, ba bashi na je nema ba. Watan Janairu ne, hazo ya ɗan sauko, na rufe wajen da nake sayar da waakye, wato shinkafa da wake, da wuri na hau motar haya ta trotro daga Kasoa na sauka Old Barrier, na sake shiga tasi ta Aplaku har Bortianor, ga ƙura ga ramuka, na iso bakin ruwa da ƙatuwar robata mai murfi ina ta washe baki, sai wata Daavi, haka ake kiran matan Ewe, da ke zaune tana gyaran kifi ta dube ni ta dubi robar ta yi dariya, ta ce mini da Twi wai an rufe ruwa, in dawo bayan tsakiyar Afrilu. Na ce rufewa kamar yaya, kogi ne ko banki? Na ce to ko kaɗan ne ma a samo mini zan ƙara kuɗi. Wallahi yadda matar nan ta girgiza kai sai ka ce na ce ta sato mini akuyar maƙwabta. Ta ce ko uwarta ce ta zo ba za ta shiga ruwan nan ta ɗebo ba. Haushi ya cika ni na juyo, a hanya ina ta mita ni kaɗai har direban tasi ya tambaye ni ko lafiya.

To kafin wani ya tambaya, kawa dai ita ce abin nan na cikin ruwa mai ɓawo biyu masu tauri kamar dutse, naman na ciki ɗan lukui, a nan Akra da yawa adode suke ce mata, ko da yake sunan nan ana kiran wata 'yar uwarta ta kogin Bolta da shi, wadda ake tsirewa a tsinke ana sayarwa a Sogakope idan mota ta tsaya. Ba iri ɗaya ba ne. Ta Bolta ta ruwan daɗi ce, ta fi tauri, sai ka yi ta tauna kamar ganda. Ta Tsokomey kuwa sai inda ruwan kogi ya haɗu da ruwan gishiri take rayuwa, ta fi laushi kuma tana da wani ɗan gishiri-gishiri nata na kanta. Wata abokiyar zamana a kasuwa 'yar Ewe ce ta fara ɗanɗana mini a miyar kuɓewa, tun daga ranar raina ya biya.

Wajen kuma, ga wanda bai san yammacin Akra ba, nan ne kogin Densu yake ƙarewa. Daga duwatsun Atewa yake tasowa, ya yi tafiyar kilomita 116, ya bi ta Nsawam, a tare shi a dam ɗin Weija inda ake tace ruwan famfon da mu mutanen Kasoa da rabin Akra muke sha, abin da ya rage ya gangaro ya bazu ya zama tafki da 'yan rassa-rassa a bayan tudun yashi kafin ya faɗa teku. Tun 1992 aka sa shi cikin wuraren Ramsar, wato dausayin da duniya ta yi yarjejeniyar karewa, shi da tafkin Keta da Songor da Sakumo da Muni na Winneba, su biyar a bakin tekun Gana. Amma ni ba takardar Ramsar ce ta hana ni kawa ba a watan Janairu, matan nan ne.

Karo na biyu ƙarshen Afrilu ne, kuma dalilin Gwaggo na koma. Ƙanwar babana ce, a Argungu take aure, ta zo mana ganin jika ta yi wata biyu, ta gaji da zaman ɗaki tana kallon fanka ta ce a kai ta ta ga teku. Na ce to faɗuwa ta zo daidai da zama. Muka ɗauki ɗana na fari muka tafi ranar Asabar da sassafe, kuma wannan shi ne abu na farko da zan gaya wa duk mai niyyar zuwa, ba agogon hannunka ake bi ba, janyewar ruwa ake bi. Idan teku ya ja baya ruwan tafkin ya sauka, lokacin ne matan suke shiga, idan ya dawo ya cika sun fito. Kullum lokacin yana gusawa da kusan awa ɗaya, don haka ka tambaya tukuna kafin ka kama hanya, kar ka je ka tarar da ruwa fal babu kowa ka ce an yaudare ka.

Mun same su a ciki. Daga nesa sai ka ga kawuna kawai da bahunan roba suna yawo a kan ruwa, wasu ruwan iya ƙugu wasu iya ƙirji, suna duƙawa suna lalube a ƙasa da hannu. A nan kawar a ƙasan ruwa take kwance cikin yashi da laka, a manne da tsofaffin ɓawo, ba a jikin saiwar itace ba. Wata ta fito kusa da mu tana jan bahonta, na ga ta naɗe ƙafafunta da tsofaffin safa biyu-biyu, hannu ɗaya da safar hannu ɗayan da tsumma, duk da haka yatsunta duk shatar yanka ne tsoho da sabo, don bakin ɓawon nan reza ne. Ta zauna a bakin gaɓa ta fara tsincewa, manya gefe guda, ƙananan kuwa da suka biyo hannu sai ta tara su ta koma ta watsa cikin ruwa. Gwaggo ta ce ke 'yar nan tambaye ta me ya sa take zubar da rabin wahalarta. Na tambaya. Ta ɗaga wata 'yar ƙarama ta ɗora a tafin hannunta ta nuna mana, ta ce wannan ba ta isa ba, dokar ƙungiya ce, in ka ci ta yau ka ci kuɗin baɗi.

Ƙungiyar sunanta Densu Oyster Pickers Association, DOPA ake ce mata a taƙaice, yawancinsu mata ne daga Tsokomey da Bortianor da Tetegu. Yadda na fahimta daga hirar da muka yi da su da kuma abin da aka sha faɗa a rediyo, da can kowa shiga yake yi ya kwasa duk shekara, babba da ƙarama, har kawar ta ƙanƙance ta yi wuyar samu, a wuni a ruwa a fito da abin da bai cika kwano ba. Sai wata ƙungiyar mata manoma da masu kifi mai suna Development Action Association ta shigo, da tallafin wani shirin kamun kifi na Amurka da malaman jami'ar Cape Coast, aka haɗa su da matan Gambiya na ƙungiyar TRY waɗanda suka riga su wannan hanyar a dausayin Tanbi kusa da Banjul. A watan Nuwamba 2017 suka rufe ruwan karon farko, wata biyar cur, daga tsakiyar Nuwamba zuwa tsakiyar Afrilu, kuma su suka yanke wa kansu, ba soja ba ɗan sanda. Ku tuna fa lokacin gwamnati ma ba ta iya rufe teku ga masu kwalekwale ba, ta gwada a 2018 masunta suka yi ca aka ɗage, sai 2019 aka samu aka yi na wata ɗaya. Matan da ko takalmin ruwa ba su da shi sun riga masu kwalekwale, kuma nasu wata biyar ne. Daga baya a 2020 ma'aikatar kamun kifi ta amince da tsarinsu ta ba su haƙƙin kula da kawar wajen a hukumance.

Ina fassara wa Gwaggo wannan sai ta ce yo ai wannan ba sabon abu ba ne, mu a Argungu kogin Matan Fada wa ya isa ya jefa homa a ciki kafin ranar biki, Sarkin Ruwa yana nan, shi ya sa ranar da aka buɗe kake ganin giwan ruwa kamar ɗan maraƙi. Ta ce bambancin kawai mu maza ne da sarauta, su nan mata ne da baho. Na ce Gwaggo kin gama magana. Su ma mutanen Ga ai suna da irin nasu tun kaka da kakanni, ranar Talata ba a shiga teku, ka je Jamestown ko Chorkor ran Talata ka ga jirage jere a kan yashi ana ɗinkin taru.

Yanzu maganar kayan da na je saya. Ana sayarwa iri biyu, ko da ɓawonta a bokiti, ko wadda aka riga aka dafa aka ɓare a auna maka a kwano ko gwangwani. Ni na zauna na ga ɓarewar da idona kafin in saya. Tukunya ce babba a kan murhu, a zuba kawar da ɗan ruwa kaɗan a rufe da buhu, tururi ya bugi ta sai bakin ya buɗe da kansa, sannan a juye a ƙasa mata su kewaye da 'yan wuƙaƙe, a zura a murɗa a kwalfo naman a jefa a roba, ɓawon a wurga baya. Hannunsu kamar inji. Na ce bari in gwada, na yi guda uku na yanke babban yatsa, suka yi ta mini dariya, wata tsohuwa ta kama hannuna ta gyara mini riƙon wuƙar ta nuna mini ta gindin ake shiga ba ta baki ba. Bokiti guda cike idan aka ɓare naman da ke fita ba zai cika ƙaramin kwanon sha ba, daga nan na daina jin zafin farashin. Ban ma yi ciniki sosai ba, ni da kowa ya sani a Kasoa da taurin ciniki. Na sayi kwano uku, kuɗin ya ɗan haura abin da nake sayen kilo biyu na naman sa, kuma sun karɓi momo, wato biya ta waya, ba sai da tsabar kuɗi ba.

Girmanta kuwa ya burge ni, mako biyu da buɗe ruwa, naman cike yake ɓul-ɓul, wasu sun kai babban yatsana. Abokiyata ta ce in ka je ƙarshen lokaci ba ka samun irin wannan, an tsince manyan, kuma da damina ta kankama labari yana canzawa, zan zo kan wannan. Wari babu, ƙamshin ruwan teku ne kawai. Abin da zan ce a kula da shi yashi ne. Na wanke sau biyu na ɗauka ya isa, na soya kaɗan don ɗanɗano, maigida ya tauna ya ji ƙaras ya kalle ni. Sai da na koma na wanke sau biyar da ruwan gishiri mai ɗumi ina murzawa a hankali ina tsamewa da hannu, ba juyewa ba, don yashin ya zauna a ƙasan roba. Bayan nan kam lafiya lau. Rabi na yi miyar kuɓewa da ita da manja da ɗan kaguwa muka ci da banku, rabi na soya da albasa da citta da attaruhu har ta yi ƙus-ƙus na zuba a shito, wato soyayyen yajin waakye na, ran Litinin, kwastoma biyu sun tambaye ni me na canza. Ban gaya musu ba.

Gwaggo fa da farko ƙi ta yi. Ta ce ita ba ta cin dodon koɗi. Na ce ba dodon koɗi ba ne, ta ce ƙanensa ne. Sai maigida ya ce Gwaggo ai mu Malikawa duk abin da ke rayuwa a ruwa halal ne, ga aya a Ma'ida an halatta muku farautar teku da abincinsa, ga hadisin da aka ce ruwansa mai tsarki ne mushensa halal ne, Hanafawa ne suka tsaya a kan kifi kaɗai. Ta ce ta ji, malam, amma halal daban son rai daban. Da dare na shiga kicin na tarar da ita tana tsintar soyayyar daga cikin kasko da hannu, ta ce wai gishiri take dubawa. Abu ɗaya dai, kar wanda ya ce zai yi irin na Turawa ya shanye ta ɗanya da lemun tsami. Kawa tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki, kuma ruwan nan ta bayan gidajen mutane ya biyo, a dafa ta ta dahu sosai. Tana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini da zinki, mai ciki da mai jego za su amfana, amma dafaffiya.

Sai maganar kwalekwale, nan ne inda zan rage maki. Wannan ba na ƙungiyar matan ba ne, wani Efo ne, haka ake kiran mazan Ewe, mai zaman kansa da muka samu a bakin ruwa ya ce zai zaga da mu. Ya ce sidi 300 muka daidaita a 200 na awa ɗaya, muna tsakiyar ruwa sai ya fara wai yaron ma mutum ne ba a lissafa da shi ba. Na ce Efo da ka gan shi a gaɓa aljani ka ɗauka? Muka yi ta ja har na ƙara masa 20 don a zauna lafiya, kan ruwa ba wajen rigima ba ne. Rigar ruwa kuma guda biyu ce gare shi mu uku, ɗaya ma zip ɗinta ya mutu da igiya ake ɗaurewa, na sa wa yaro mai kyaun na ba Gwaggo ɗayar ni na zauna da Ayatul Kursiyyu. Jirgin yana ɗan yoyo, akwai rabin galan da ake kwarfe ruwa, ɗana ya mai da shi wasa. Rumfa babu, rana ta gasa mu. Don haka ku gama magana tsaf a ƙasa, mutum nawa, minti nawa, ina da ina, ku ga rigunan da idonku kafin ku sa ƙafa. Akwai masu jirgi da yawa a wajen, wasu na ga nasu ya fi tsafta, mu ne muka yi gaggawa.

Amma fa tsakani da Allah mutumin ya san ruwan, kuma abin da ya nuna mana ya fi kuɗin. Ya kai mu wani lungu inda matan suka dasa mangrof, itacen nan mai tsayawa a cikin ruwan gishiri da saiwoyi a waje kamar mai tafiya a kan ƙafafu da yawa. Wasu sun fi ni tsawo, wasu 'yan dashe ne iya gwiwa a jere a cikin laka kowanne da ganye huɗu ko shida, ka san hannu ne ya soka su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce da can duk an sare na wajen, wasu don itacen ƙyafe kifi, wasu don atidza, wato a sare rassa a tara su a cikin ruwa kifi ya zo ya ɓuya ya yi ƙwai, bayan wani lokaci a kewaye da taru a kwashe. Shi kansa ya ce yana da atidza, ya faɗa yana sosa ƙeya. Ya kashe inji muka yi shiru, sai ka ji laka tana ƙyas-ƙyas, ashe ƙananan kaguwa ne dubbai masu hannu ɗaya babba suna shiga rami suna fita. Ga balbela ga zalɓe, akwai wani baƙin zalɓe da yake buɗe fukafukansa ya rufe kansa kamar lema ya yi inuwa a kan ruwa, kifi ya taho inuwar ya cafke, ɗana ya kusa faɗawa ruwa don kallo. Efo ya ce da mun zo da sanyi da mun ga tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna hutawa a kan yashin, yanzu yawancinsu sun koma. Can gefe kuma filayen gishiri ne na kamfani, fari fat a rana.

A hanyar dawowa muka ga mata biyu a wani ƙaramin jirgi suna juye buhunan ɓawo a ruwa. Ni da na ɗauka shara suke zubarwa har na fara tsaki. Ashe ɓawon da aka ɓare ne ake mayarwa, saboda 'ya'yan kawa idan suna yawo a ruwa sai sun sami abu mai tauri sun manne kafin su girma, in babu sai laka ta binne su. Da can ɓawon sayarwa ake yi ko a cike rami da shi a tsakar gida, har yanzu za ka ga lungunan garin fari-fari da shi ana takawa. Ɗaya daga cikinsu kuma ta fito da wani ɗan abu kamar ƙaramar tocila, ta ɗiga ruwan tafkin a kan gilashinsa ta ɗaga sama ta leƙa da ido ɗaya, ta faɗi lamba, ɗayar ta rubuta a wani littafi da aka naɗe a leda. Gishirin ruwan suke aunawa. Ta ba ni na leƙa, rabi shuɗi rabi fari da layin lambobi a gefe. Matar nan ta ce mini ba ta yi makaranta ba sai da aka koya musu wannan, yanzu ita ke gaya wa 'yan jami'a abin da ruwa yake ciki idan sun zo. Gwaggo ta ce ikon Allah, likitar kogi.

Dalilin awon shi ne dam. Idan damina ta yi ƙarfi Weija ya cika dole a buɗe ƙofofinsa, ruwan daɗi ya kwararo da yawa ya kore gishirin tafkin, kawa kuwa ba ta jure ruwan daɗi zalla na tsawon lokaci, sai ta mutu a kwance. Wanda yake Akra a watan Oktoba 2022 ya tuna yadda ruwan ya shanye Tetegu da Oblogo da unguwannin Weija, mutane a kan rufin gida. Mu a talabijin gidaje muka gani, su matan nan har da abincinsu na ƙasan ruwa ya tafi. Wannan kam babu dokar ƙungiya da za ta hana. Kuma ba ruwa kaɗai yake gangarowa ba, nan ne raina ya ɓaci, saiwoyin mangrof ɗin nan da aka sha wahalar dasawa duk sun sha ado da ledar fiya wata da baƙar leda da robar lemo da takalmi ƙafa ɗaya, har famfas. Na tsaya ina kallon wata baƙar leda da ta naɗe wani ɗan dashe ta lanƙwasa shi, irin ledar da nake ƙulla wa mutane waakye ce sak, ɗari nawa nake bayarwa a rana ban ma sani ba. Ban ce tawa ba ce amma ban isa in rantse ba. Efo ya sa sanda ya cire ta ya jefa cikin jirgi. Ya ce matan suna fitowa kwasar shara lokaci-lokaci, ruwan sama ɗaya ya dawo da wata. Ga kuma gine-gine, ta ɓangaren tudu sai cike dausayin ake yi da ƙasa ana kafa bulo, wajen da aka ce na Ramsar ne.

Ni a Sabon Zongo na tashi, don haka na san abin da ake kira mataccen tafki. Korle yana nan kusa da mu, tun muna yara in iska ta juyo daga can sai an toshe hanci, ruwan baƙi ƙirin mai kauri, duk abin da Odaw ya kwaso daga cikin gari nan yake zubewa. Kakata tana cewa a zamaninsu ana kama kifi da kaguwa a ciki, mu dariya muke yi mun ɗauka tatsuniya ce. Da nake zaune a jirgin nan ina kallon ruwan Densu wanda har yanzu kana iya hango ƙasansa a wasu wuraren, maganarta ce ta yi ta dawo mini. Tsakanin Korle da nan a mota in babu go-sulo bai fi minti arba'in ba.

Sauran ƙananan abubuwa, wajen zama na kirki babu a inda ake ɓarewar, benci ne da inuwar rumfa, hayaƙi kuma zai shiga idonka da mayafinka. Banɗaki sai dai ka roƙi wani gida. Wajen sallah mu dai shimfiɗa ɗankwali muka yi a gefe, ku tafi da ruwan alwala don na tafkin gishiri ne da laka. Hausa ba kowa ke ji ba, Ewe da Ga da Twi ne, amma Twi ɗina na kasuwa ya wadatar. Kar ka ɗaga waya ka hau ɗaukar mata hoto suna cikin ruwa da ɗaurin ƙirji ba ka tambaya ba, na ga an yi wa wani saurayi tas a kan haka kuma sun yi daidai. Ka tafi da kula da ƙanƙara in gidanka da nisa, abin ruwa ba ya son zafi. In maki ake so, kawar da matan tara cikin goma, ɗayan na yashi ne, jirgin Efo biyar, shi ma albarkacin baƙin zalɓen nan.

Da za mu tafi na hango Daavin nan ta watan Janairu, ita ma ta gane ni ta robata, ta kwashe da dariya ta ce Hajiya yau an buɗe banki. Na ƙara sayen bokiti guda mai ɓawo a wajenta don Gwaggo ta ce sai ta kai wa mutanen Argungu sun gani da idonsu, mun dafa mun ɓare mun shanya mata a rana kwana uku ta ƙulle a leda ta sa a ƙasan jaka. Daavi ta ce in na gama kar in zubar da ɓawon a bola, in dawo mata da shi. Na ce to. Yana nan a buhu bayan ƙofar kicin yau sati uku, maigida kullum sai ya yi tuntuɓe da shi ya tambaye ni yaushe za a kwashe duwatsun nan, na ce masa Asabar mai zuwa in ruwa ya janye da safe.